Na lalata wayar Yayata garin koyon gyara: in haƙura ko in ci bashi in sayi bulowa?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Mabera a nan Sakkwato, na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba tukuna. Tun ina yaro nake son kwance rediyo da tocila. Da na tara 'yan kuɗina sai na sayi ayan na liƙi da lid, ƙarfen da ake narkarwa a yi liƙin da shi, na riƙa kallon bidiyon gyara a YouTube. Wayar Yayata ba ta caji sai an karkata igiya, na ce ta kawo in canza mata bakin cajin. Lid ɗin wurin ya ƙi narkewa, na daɗe ina dannawa, da na ɓamɓaro bakin sai ya taho da wasu siraran jan ƙarfe. Yanzu wayar ko kunnuwa ba ta yi, kuma da ita take cinikin atamfa da turare a WhatsApp. Ta daina yi mani magana. Baba ya ce in bar shirme in bi ƙanensa shago. Ayan ɗin ma bakinsa ya yi baƙi, lid ba ya kama shi, sai ya dunƙule ya gangare. Abokina ya ce rashin bulowa ne, na'urar nan mai hura iska mai zafi, in ci bashi in saya. Malam, ni dai ina son wagga sana'a. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka haƙura, kuma kada ka ci bashin. Amma bari mu fara da Yayarka, don ita aka ɓata wa.

Ka cire mata layinta ta sa a wayar aro, kada cinikinta ya tsaya. Ita kuma wayar yau ɗin nan ka kai wa wanda ka san yana da hannu, ka gaya masa duk abin da ka yi ba ragi. Kada ka ce haka kawai ta mutu. Yana buɗewa zai gani. Ni ban ma yarda ta mutu ba. Ka cire mata bakin caji, to ta ina za ta sha wuta? Batirin da ya ƙare ƙarƙaf ba ya tayar da waya. Wayoyin Android da yawa bakin cajinsu a kan wani ɗan ƙaramin fanel yake a ƙasa, wato allon da ake liƙa kayan wuta a kai, dabam da injin, ana cire shi ɗungurungum a sa sabo ba a ko kunna ayan ba. In tata irin wannan ce, abin ya zo da sauƙi. In kuma a jikin injin bakin yake, siraran jan ƙarfen da ka ɓamɓaro su ne hanyoyin wuta, gwani na iya ɗinke su da siririyar waya a ƙarƙashin madubi. Tsorona ɗaya ne: in ba ka zare batir ba kafin ka sa ayan, wataƙila ka haɗe layuka ka ƙona aisin caji, ɗan guntun da ke sarrafa shigar wuta cikin batir. Shi ma ana canzawa, sai dai da tsada.

Kuɗin gyaran kai za ka biya. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke cewa mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Kai ba ka kai mai sana'a ba tukuna, amma tunda can ka dosa, gara ka saba tun a kan 'yar'uwarka.

Abokinka ya ga masu gyara da bulowa suke cire bakin caji, kuma haka ne. Sai dai iskar da take hurawa zafinta na kaiwa digiri 350 zuwa 400, a kan fanel ɗin da wasu kayansa tsawonsu bai kai milimita 1 ba. Wanda hannunsa bai faɗa ba in ya riƙe ta, kayan da ke kewaye za su narke su tashi, bai ma san sun tashi ba. Da kana da ita ran nan, da ba bakin caji kaɗai Yayarka ta rasa ba. Ta maigidan da zai koya maka za ka fara riƙewa, a kan matattun injina, taka kuma ka saya da kuɗin da gyara ya kawo maka. Kai dai ka fara ne daga inda ake ƙarewa. Fanel ɗin waya hawa-hawa ne, takwas, goma ko fiye, a manne da juna, hanyoyin wuta na bi ta ciki inda ido ba ya gani. Na tsohuwar rediyo hawa ɗaya ne, komai a fili, ƙafafun kayansa masu kauri. Can ake koyo.

Abin da ya hana lid ɗin narkewa kuwa sananne ne. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki, sai kamfanoni suka koma wani haɗi na kuza da ɗan azurfa da jan ƙarfe, wanda sai ya kai wajen digiri 217 yake narkewa. Lid ɗin da muke saya a kasuwa, mai lamba 60/40, wato kashi 60 kuza 40 dalma, tun a 183 yake fara saki. Ga shi kuma ƙafafun bakin caji a manne suke da faffaɗan jan ƙarfe na cikin fanel, mai zuƙe zafin ayan ya watsa shi. Kana dannawa zafin na gudu. Bai isa ya narkar da liƙin ba, amma ya isa ya saki gam ɗin da ke riƙe da hanyoyin wutar. Da ka ɓamɓara sai suka biyo. Dabarar ita ce a shafa man liƙi, a ƙara sabon lid mai dalma a kan tsohon su gauraya, zafin narkewar ya sauko, sannan a tsotse da famfon tsotsar lid ko a shanye da saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe da ake sayarwa don haka. In abu bai taso da kansa ba, ba a jan sa. Akwai ƙafar da ba ta narke ba.

Bakin ayan ɗinka ya yi baƙi don ka bar shi yana gasuwa ba lid a kansa, ya yi tsatsa, lid kuma ba ya kama tsatsa. Kada ka kai masa magagari ko samfefa. Za ka ga tsofaffin masu gyaran rediyo suna gogar nasu, amma nasu jan ƙarfe ne zalla. Na yanzu an lulluɓe jan ƙarfen da siririn baƙin ƙarfe, in ka kankare lulluɓin lid zai yi ta cin na cikin har bakin ya yi rami. Ka kunna shi, ka tsoma a man liƙi, ka shafa masa lid, ka goge a soso mai danshi, ka maimaita. In ya ƙi, ka sayi sabon baki, ka yi masa wanka da lid tun zafinsa na farko, kuma duk sanda za ka ajiye ka bar ɗigo a kansa.

Ina zaton irin wanda ake cusawa a soket kai tsaye ka saya, marar wurin saita zafi. Irinsu wutar gari suke bi. Ƙa'ida wutarmu bolt 230 ce. In ta sauko 180, ayan mai wat 40 zai koma kamar mai wat 25, in ta cika kuma ya yi ta zafi har ya ƙone bakinsa. In za ka kashe kuɗi a nan za ka kashe: mai wat 60 da ake saita zafinsa, ka tsayar da shi tsakanin 320 da 350. Akwai kuma masu aiki da bolt 12, da za ka jona a batirin sola in an ɗauke wuta. Lid ka nemi siriri, milimita 0.6 zuwa 0.8, mai man liƙi a cikinsa, kuma ka ce a narkar maka da ɗan guntu a gabanka, don akwai jabu. Mai kyau nan da nan yake malalewa yana sheƙi, jabu sai ya yi dusu-dusu ya cure. Man liƙi na lantarki za ka saya, wanda ake yi da ƙaron itace. Na masu liƙin lagireto akwai asid a ciki, zai liƙe maka yau, bayan 'yan watanni ya cinye hanyoyin wuta.

Ga yadda hannu ke yi. Ka kafe fanel ɗin kada ya motsa, ka dogara gefen hannunka a kan tebur. Ka ɗora gefen bakin ayan, ba tsininsa ba, ya taɓa ƙafar kayan da zoben jan ƙarfen da ke kewaye da ita lokaci guda. Ka ƙirga ɗaya, biyu. Sai ka kawo lid ta ɗaya ɓarin, ya taɓa ƙafar, ba ayan ba. Za ka ga ya narke ya zagaye ta da kansa, ya ɗan hau ta. Ka janye lid, sannan ka janye ayan. Duka bai wuce daƙiƙa 3 zuwa 4 ba. Kada ka hura, kada ka motsa har ya daskare. Liƙi mai kyau siffar jinkar ɗaki yake yi, faɗi a ƙasa ya tsuke zuwa sama, ƙafar ta leƙo ta tsakiya, yana ƙyalli. In ka ga ya dunƙule ya zauna a kai, wurin bai yi zafi ba ko babu mai. Abin da kusan kowane sabon shiga ke yi, kuma na tabbata shi ka yi, shi ne ya narkar da lid a bakin ayan ya ɗauko ya ɗiga a wurin. Kafin ya iso man da ke cikin lid ɗin ya ƙone ya tashi hayaƙi, alhali shi ne mai wanke tsatsa don liƙi ya kama.

Wurin gwaji kuwa, ka nufi 'yan gwangwan. Matattun rediyo, DVD, dikoda, tocila da fankar caji suna nan jibge, da abin da bai taka kara ya karya ba za su ba ka. Ka cire kayan fanel guda kaf, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ka ɗaga zobe ko ɗaya ba, sannan ka mayar da su. Kullum, ko da sa'a guda ce bayan La'asar. Sai ran da ka ga kana yi ba ka tunanin hannunka, sannan ka koma kan ƙananan kayan da ake liƙawa a saman fanel ba rami. Abin da ka cire kada ka zubar, ka ware su a gwangwanaye, da su za ka yi gyaranka na farko.

Wasiƙarka ta ambaci ayan, ta ambaci lid da bulowa, ba ta ambaci mitar auna wuta ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da wayar da ka ɓata. Liƙi aikin hannu ne, cikin 'yan watanni ake iya shi. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne gano inda cutar take. Wa ma ya ce maka bakin cajin ne ya lalace? Wayar da sai an karkata igiya take caji, sau da yawa igiyar ce ta karye a ciki, ko ƙura da zaren aljihu suka cushe a bakin har kan igiyar ba ya shiga ya zauna. A garin da hunturu ke yi mana abin da yake yi daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce farkon abin zargi. Da ka gwada wata igiya, ka haska tocila, ka kashe wayar ka sakace bakin a hankali da tsinken sakace, mai yiwuwa da yanzu Yayarka tana yabonka a gidan biki.

Saboda haka ka sayi mita mai lambobi, ko mai araha ce, in dai tana ƙara idan ka haɗa tsinkayenta biyu. Da wannan ƙarar za ka gane fiyus ya tsinke, ko makunni ba ya haɗawa, ko waya ta karye a cikin robarta, amma ba a yin wannan gwaji a kan abin da ke jone da wuta. Ka koyi auna bolt: cajar USB ta yau da kullum 5 take bayarwa, batirin litiyam 3.7 ne, in ya cika 4.2. Ka koyi gwada dayod, ɗan kayan da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai: ta gefe ɗaya mita za ta nuna wajen 0.5 zuwa 0.7, in ka juya tsinkayen ba za ta nuna wucewar wuta ba. In ta yi ƙara ta kowane gefe, ya ƙone. Kafin duk wannan ka tambayi mai kaya me ya faru, faɗuwa ya yi, ruwa ya shiga, ko wuta aka kawo da ƙarfi. Ka duba, ka sansana, don ƙonannen kaya ba ya ɓoye warinsa, sannan ka auna daga inda wuta ke shigowa kana bi gaba. Ayan shi ake ɗauka a ƙarshe.

Abin da za ka fi cin karo da shi a nan garin kafasita ce, 'yan dogayen nan da ke tsaye a kan fanel. Akwai ruwa a cikinsu, zafi na busar da shi, kuma lissafin masu ƙera su shi ne duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. To ka ɗora wannan a kan Afrilun Sakkwato, zafi na haura 40 a inuwa, ga dikoda an rufe ta da ƙyallen ado don kada ta yi ƙura. In ka ga kan kafasita ya kumbura ko ya tsage, ta tafi. Sabuwar ta zama maikurofarad ɗinsu ɗaya, bolt ɗinta daidai da na tsohuwar ko sama, kuma ka nemi mai lamba 105 ba 85 ba, wato digirin zafin da take jurewa. Zanen da ke gefenta ƙafar nagatif yake nunawa, in ka juya ta tana iya fashewa. Fiyus kuma in ya tsinke ba don nishaɗi ya tsinke ba, akwai abin da ya haɗe a gaba. Masu ɗaure shi da waya su miƙa wa mai kaya, gobara suke aika wa gidan mutane.

Akwai abin da zai iya kashe ka, kuma ba ayan ba ne. Kusan duk na'urar da ake jonawa a soket, daga caja har talabijin, akwai babbar kafasita kusa da mashigar wuta mai lamba 400 ko 450. Tana ɗaukar wajen bolt 325, kuma tana iya riƙe shi bayan ka zare soket. Ka auna ta kafin yatsanka ya kusanci wurin, ka sauke ta ta cikin rizisto, ɗan kayan da ke rage gudun wuta, ba da sukudireba ba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da maikurowef ka bar su gaba ɗaya, wutar cikinsu dubbai ce. Batirin litiyam ba a huda shi, ba a lanƙwasa shi, ba a ɗora masa ayan. Shekararka ta farko ka tsaya kan kayan batir, bolt 12 zuwa ƙasa.

Dalma kuwa mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga abin da ya faru da maƙwabtanmu na Zamfara a 2010, inda gubarta, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Lid ɗinka bai kai wannan ba, amma shi ma ta hannu yake kaiwa baki. Kada ka riƙe shi da haƙori, na san hannu biyu ba sa isa, amma kada ka yi. Ba cin goro ko gyaɗa a kan tebur, kuma sabulu kafin hannu ya shiga kwano. Ɗigon da ke zuba ƙasa ka share ka kwashe, ƙannenka masu rarrafe ne abin ji fiye da kai. Hayaƙin da kake gani na man liƙi ne, ƙirji yake kamawa, yana iya jawo asma, don haka ba a aiki a ɗakin kwana. Ka zauna inda iska ke wucewa, fanka ta ja hayaƙin gefe, kada ta hura kan aikin. In ayan ya suɓuce ka bar shi ya faɗi. In ka ƙone, ruwa mai sanyi na minti 20, ba man goge baki ba, ba manja ba.

Shi kuwa Baba ban ga laifinsa ba. Abin da ya gani shi ne waya mai aiki ta shiga hannunka ta fito matacciya, kuma gardama ba za ta goge wannan ba. Ka bi ƙanen nasa shago da safe kamar yadda ya ce, ka biya Yaya, ka sayi mita da ayan daga guminka. Da yamma ka zauna kan matattun fanel. Akwai tocila ko fankar caji da ta mutu a gidanku, kowane gida akwai. Ran da ka tayar da ita ka ajiye masa inda yake zama, kada ka ce komai. Bayan nan ka roƙe shi, shi da kansa, ya kai ka wurin maigida ya damƙa ka. Yaron da ubansa ya kawo daban yake a idon mai shago da wanda ya kawo kansa.

Kafin a kai ka, ka je ka zauna ka kalla. In an kawo wa mutumin kaya, me yake fara ɗauka? In mita ce, nan ne wurinka. In aikinsa canza gilashi da batir ne kawai, duk abin da ya wuce haka ya ce inji ya mutu, ciniki zai koya maka. YouTube ka ci gaba da kalla, sai dai ka sani an yanke inda aka sha wuya, kuma bidiyo ba zai buge maka hannu in ka riƙe ayan ba daidai ba. In kana son takarda a kan sana'ar akwai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha, akwai kuma karatun lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, inda za ka samu lissafin abin da hannunka ke yi.

A ra'ayina kada ka ƙulle kanka a gyaran waya, masu yin sa sun yi yawa. Dubi yadda sola ta shiga gidaje da shaguna da masallatai, kowace da kwantirola da inbata, ga fankokin caji, ga sitabilaiza, ga talabijin na bango da fitilun bayansu ke mutuwa. Fanel ɗinsu manya ne, ido na gani, hannu na kaiwa, sai dai wutarsu babba ce, ba a taɓa su sai a gaban wanda ya sani. In ka samu maigidan da ke gyaran irin waɗannan, wurinsa na fi so Baba ya kai ka. Allah ya yi jagora.